Yadda Ɗangana Ya Buga Littafinsa da Irin Shuka

A ranin da ya biyo bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, kowa a Gidan Sori abin da zai sa a tukunya yake nema, ban da Ɗangana. Shi wanda zai buga masa littafi yake nema.

Ɗangana ya yi lakol, wato makarantar boko, shekara biyar, ya kuma taɓa koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci har rani biyu, kafin ɗaliban su gano cewa jahilcin bai kai ajin wahala ba. Tun daga lokacin ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko. Gonarsa kuwa, ko a shekarun da ruwa ya yi kirki, ba ta taɓa wahalar da rumbu ba. Wannan bai hana shi cika kaye huɗu, littattafan rubutu irin na 'yan lakol, da rubutu ba, ya raɗa wa aikin suna Yadda Ake Cin Galabar Fari, ya ba wani direba ya kai wani gidan buga littattafai a Yamai.

Bayan wata huɗu amsa ta zo. Bai karanta ta a gida ba, sai da ya bari maza sun taru a gindin gawon bakin masallaci, ya gyara gilashinsa, yana karantawa yana fassarawa. Mutanen Yamai sun ce suna son littafin. Takarda da tawada da ɗinki da kai shi kasuwa duk nasu ne. Sai dai za su mai da shafi tamanin ya koma talatin, za su ba wani ma'aikacin noma ya duba shawarwarin da ke ciki, kuma ba zai fito ba sai bayan shekara ɗaya da rabi.

Ɗangana ya ninke wasiƙar a hankali, kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa.

Maƙwabcinsa Nomau, wanda gonarsu ke iyaka ɗaya kuma bakinsa ba ya hutu, ya ce, "To Mushe, ai sun karɓa. Mi kake ma fushi?"

"Sun karɓa? Tamanin su mai da shi talatin! Kai in ka kai ɗanka gun wanzami ya ce sai ya yanke fiye da rabinsa, za ka miƙa masa?"

"In ɗan ya kai littafinka tsawo, sai in duba maganar."

"Kuma wai wani ne zai duba mini noma. Ni!"

"Da sun taho sun duba gonarka, da sun huta."

"Sannan shekara ɗaya da rabi, Nomau. Kafin nan fari ya wuce. Wa zai sayi maganin fari bayan fari ya wuce?"

Nomau ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji. Duk garin ga mutum guda ne ke tsoron fari shi wuce, kuma ga shi nan zaune cikinmu."

Aka yi dariya irin ta masu yunwa, gajeriya. Ɗangana ya miƙe, ya yaga wasiƙar gida huɗu, ya ce kafin ruwan farko ya sauka zai buga littafinsa da kansa, ko harafi ɗaya ba za a taɓa ba, kuma mutanen Yamai da ƙafarsu za su zo neman guda.

A Gidan Rumji akwai wani Labo, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa. Yana da keken rubutu, yana kuma da wani tsohon injin roniyo, irin wanda ake murzawa da hannu yana tofo takarda, da ya gada daga wani buro, wato ofis, da aka rufe. Ɗangana ya zayyana masa shirinsa: littafi sittin, kowanne a sayar a kan tiya ɗaya, wato kwanon awo guda, na hatsi.

Labo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ina da takarda, ina da tawada. Amma bana ba ni karɓar kuɗi, Mushe. Matata ta gwada dafa su, ba su nuna. Hatsi nake so, dami shida."

Dami shida ne cif a rumbun Ɗangana, kuma ba na ci ba ne. Irin shuka ne, gero mai saurin nuna, wanda matarsa Balki ta tsinto zangarniya-zangarniya daga ɗan abin da gona ta bayar. An liƙe bakin rumbun da laka tun kaka. Gidan ya koma cin 'ya'yan anza na daji da ganyen jiga, yara suna wuce rumbun suna kau da kai, don kowa ya san in aka taɓa shi babu shuka bana. Kuma a al'adar wurin, rumbun gandu maigida kaɗai ke buɗe shi, mace ba ta leƙawa.

Ɗangana ya yi lissafinsa a kan hanya, lissafin ya fito da kyau, kamar yadda lissafin kan hanya ya saba. Tiya sittin ta fi dami shida. Kafin ruwa ya sauka ya mai da iri har da ƙari. Wata safiya da mata suka tafi daji tsinkar ganye, ya fasa lakar, ya loda damunan a amalanke, ya rufe su da tabarma, ya sake liƙe rumbun. Liƙin ya yi kyau ƙwarai. Shi ne aikin noma mafi kyau da ya taɓa yi.

Kwana tara Labo yana ƙwanƙwasa keken rubutu, Ɗangana na tsaye a kansa yana gadin kowane harafi. Da aka fara murza inji, shafi ashirin na farko suka fito tas. Daga nan tawada ta fara ƙarewa.

"Ka ce kana da tawada!"

"Ina da ita. Ban ce ina da ta tamanin ba. Wa ya san mutum guda na da magana haka?"

"To yaya za a yi?"

"A tsinka ta da man gyaɗa. Haka muke yi."

Ba a san su wa da wa suke yin haka ba, amma an yi. Injin ya ci gaba da tofo shafuka, wasu baƙi ƙirin, wasu kamar an rubuta su da ruwan shayi, dukansu suna ƙamshin ƙuli-ƙuli, kuma ba wanda ya yarda ya bushe. Labo ya ce shagonsa ba wurin shanya ba ne. Sai aka sake ɗaukar amalanke, aka kai takardun Gidan Sori, Ɗangana ya baza su a tsakar gida, kowace da ɗan dutsenta.

Balki ta dawo daga rijiya ta tarar ba wurin sa ƙafa.

"Malam, wannan fa?"

"Littafi ne. Ki bi ta gefe, kina taka babi na uku."

"Da mi ka biya duk wanga?"

"Harkar mawallafa ce, Balki. Ba za ki gane ba."

"Ni dai na gane ƙamshin mai. Wata biyar rabon tukunyata da mai, ashe takarda ta fi mu gata."

Ba Balki kaɗai ta gane ƙamshin ba. Awakin unguwa, waɗanda suka riga suka cinye dangar gidaje uku da igiyar shanya, suka zo ziyara tun kafin azahar. Ɗangana ya kori ta gabas, ta yamma ta shigo. Ya jefi ta yamma da takalmi, wata ta tafi da takalmin. Kafin ya samu sanda, akuyar liman ta gama da babi na bakwai, babin da ke bayani kan yadda ake ciyar da dabbobi in babu ciyawa.

Nomau ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Wallahi Mushe na janye maganata. Wanga babi ya yi aiki, da idona na gani."

Da la'asar guguwa ta ratsa gidan, ta ɗauki abin da awaki suka rage ta kai sama, ta raba wa unguwa. Kwana biyu ana tsinto shafuka daga ƙaya da rufin ɗakuna. Wata tsohuwa ta kawo guda uku da ta riga ta nannaɗe kanwa a ciki, ta ce a ba ta kanwarta in an gama.

Sauran aiki shi ne haɗa shafukan su zama littafi. Ɗangana ya kira gayya, ya yi wa kowa alkawarin sa sunansa a bugu na biyu. Mutum takwas suka zo, don zaman banza ma ya gundure su, kuma babu mai karatun boko a cikinsu. Shi kansa Ɗangana yana sauri, zai koma wurin Labo ya ga bangon da za a rubuta sunansa a kai da manyan baƙaƙe. Sai ya damƙa wa Nomau aikin.

"A raba su kashi sittin. Kowane kashi ya samu daidai, kar a cuci kowa."

"In dai rabo ne, tafi abinka."

Nomau ba baƙo ba ne a wannan fanni. Shekara ashirin duk watandar da aka yi a Gidan Sori, in aka haɗa hannu aka yanka sa, shi ke kasa naman, kuma ba a taɓa yin faɗa a kan kasonsa ba. Ya zauna ya dubi takardun da idon gwani. Masu baƙin rubutu cike, ya ce waɗannan tsoka ne. Masu dishi-dishi ƙashi. Waɗanda akuya ta ɗan taɓa, kayan ciki. Ya jera kashi sittin a kan tabarmi, kowanne ya samu tsokarsa da ƙashinsa da ɗan kayan ciki, ya bi su yana ɗagawa a tafin hannu yana jin nauyi, inda ya yi sauƙi ya ƙara. Da Ɗangana ya dawo ya ga kashi sittin a jere, tsayinsu ɗaya kamar an aske su, sai da ya rungume Nomau.

Ɗinki aka kai wa Ado baduku. Ado shekara talatin yana ɗinke rubutu, kuma duk rubutun da aka taɓa kawo masa laya ce. Ya ɗinke littattafan ta gefe huɗu, ɗinki mai kyau, ko iska ba ta shiga, ya sa wa kowanne ɗan maɗauri na ratayawa. Ya gama ashirin kafin Ɗangana ya zo.

"Ado! Ta ina za a buɗe?"

"A buɗe? In an buɗe ai ya karye."

"Karantawa za a yi!"

"To kai ba ka riga ka karanta ba? Mi ya rage?"

Aka kwana biyu ana farke zare. Maɗaurin dai Ado ya ƙi cirewa, ya ce sunansa ne zai ɓaci. Ɗangana ya ɗauki littafi guda, ya shafa bangonsa na kwali ruwan ɗorawa, ya karanta sunansa sau uku. Ciki bai buɗe ba, don ya san abin da ya rubuta.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. Balki ta fara zancen a buɗe rumbu a sussuke iri. Ɗangana ya ce a bari sai bayan kasuwar Gidan Rumji.

Ranar kasuwar ya sa kakinsa na zamanin koyarwa, ya rataya gilashi, ya ari tabur da kujera wurin Labo. Ya zagaya yana neman inda jama'a suka fi yawa, ya same su kusa da mangazar da ake ajiye hatsin taimako. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, sun sauke jar dawa jiya, mutane sun zo daga ƙauyuka tun da safe suna jiran a fara rubuta sunaye. Balki ma tana can cikin matan Gidan Sori. Ɗangana ya ga taron ya ce a ransa, wannan gari akwai masu son ilimi.

Ya kafa tabur a inuwar wata bishiyar bedi. Ya jera littattafai masu ruwan ɗorawa. Ya ajiye sabon kaye na rubuta sunayen masu saye, da alƙalami, da hatimin da Labo ya sassaƙa masa daga tsohon silifa. Sannan ya zauna ya ɗaure fuska, don ya ji an ce haka mawallafa suke yi.

A shekarar nan, mutum mai kaki da gilashi, zaune bayan tabur, da hatimi da kaye da tarin kwalaye masu launi, a gefen mangaza, ma'anarsa ɗaya ce, kuma ko jariri ya san ta. Ba a yi minti biyar ba layi ya tashi daga inda yake ya dawo gabansa.

Ta farko wata tsohuwa ce, Gogo, daga wani ƙauye wajen Gidan Sori.

"Sannu Inna. Sunanki?"

"Gogo."

"Garinku?" Ta faɗa, ya rubuta. Sai ya tuna yana son ya san yawan waɗanda littafin zai kai gare su, don ya rubuta wa mutanen Yamai su ji haushi. "Mutum nawa ne gidanku?"

"Sha tara," in ji Gogo, ba ko ƙiftawa.

"Sha tara! Duk za su amfana?"

"Duk, ɗan nan. Har da na goye."

Ya buga hatimi, ya sa hannu, ya miƙa mata. "Tiya ɗaya ce ta hatsi, Inna."

Gogo ta matso ta rage murya. "Tiya ɗaya tak? Allah shi yi maka albarka. In na fito daga mangaza in auna maka." Ta rataya littafin a wuya da maɗaurin Ado, ta juya ta gaya wa na bayanta, "Wanga mai sauƙi ne, tiya ɗaya yake cira."

Magana ta bi layi har ƙarshe. Ɗangana bai taɓa ganin son karatu irin wannan ba. Makaho ya karɓa. Wani makiyayi da shanunsa suka ƙare, wanda Hausarsa ma da ƙyar take fita, ya karɓa, ya nemi na ƙanensa. Ba gidan da ya gaza mutum goma sha biyar. Kowa ya yi alkawarin tiya in ya fito daga mangaza, shi kuwa Ɗangana ya ɗauka can suka ajiye kayansu. Da littattafan suka kusa ƙarewa aka fara ture-ture, wata ta ciji wani, tabur ya karkata.

Ɗangana ya hau kujera ya ɗaga hannu. "Jama'a, haƙuri! Wanda bai samu ba, akwai bugu na biyu!"

"Yaushe?"

"Bayan damina!"

Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Ɗangana ya ji ƙwalla ta zo masa shi ma. Ya so a ce mutanen Yamai suna nan.

Can kuwa a ƙofar mangaza, Mahmudu, ma'aikacin da aka turo ya kula da rabon, ya fito da nasa kaye zai fara aiki, sai ya tarar da mutum sittin sun yi masa cincirindo, kowa na miƙo masa wani abu mai ƙamshin ƙuli-ƙuli yana buɗe bakin buhu. Ya karɓi na Gogo ya juya shi.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"Ɗan'uwanka na gindin bedi. Sha tara muke. Tiyarsa kuma kai za ka cire ko ni?"

"Tiyar wa?"

Jandarma biyu suka je suka zo da Ɗangana, ɗaya riƙe da shi, ɗaya riƙe da hatimi. Yana tafe yana gaishe da jama'a, don ya ɗauka hukuma ce ta ji labari take son nata.

Mahmudu ya ce, "Kai ne ke buga katin taimako na jabu, kana cire tiya a kan kowane gida?"

"Kati? Ranka ya daɗe, littafi ne! Ni mawallafi ne!"

"Wane gida ya buga shi?"

Ɗangana ya buga ƙirji. "Ni na buga abina. Ba wanda ya sa mini hannu, ba wanda ya duba mini."

"Wannan kam ya nuna," in ji Mahmudu. Ya miƙa masa na Gogo. "In littafi ne, hau buhun nan ka karanta musu, su ji da kunnensu ba dawa a ciki."

Sai ga Ɗangana a kan buhu, mutum ya fi ɗari huɗu a gabansa, shiru kamar ana huɗuba. Abin da ya yi shekara yana mafarki ke nan. Ya gyara murya ya buɗe.

Shafin farko ya fara da, "...saboda haka, kamar yadda muka gani a baya." Ya ɗan tsaya, ya juya. Na biyu rabi ne, sauran yana cikin akuyar liman. Na uku ba ya karantuwa sai an ɗaga shi sama an saita da rana. Na huɗu ya fito baƙi ƙirin, tsoka sosai, sai ya kama shi da murna ya ɗaga murya:

"Manomi mai hankali, ko yunwa ta kai masa wuya, ba ya taɓa irin shukarsa. Wanda ya rabu da irinsa ya sayar da daminarsa tun ba ta zo ba, kuma ba a kiransa manomi, sai dai wawa."

Tsofaffi suka gyaɗa kai. Ya juya shafi, sai ga maganar ta sake fitowa. Ya juya, ita ce dai. Ya juya da sauri. Nomau ya yi wa kason Gogo adalci, ya zuba mata wannan tsokar har sau tara.

"Mun ji, wawa ne!" wani ya yi ihu daga baya. "Dawar fa?"

Mahmudu ya sa aka kira Labo ya ba da shaida. Labo ya iso yana goge tawada a riga, ya ga jandarma, nan take ya yanke shawarar faɗin gaskiya fiye da yadda aka tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban san zancen kati ba. Aiki ya kawo, na yi, ya biya ni da gero dami shida. Gero mai kyau kuwa, zaɓaɓɓe, ƙwaya cike. Matata ma da tana daka shi cewa ta yi, wanga kamar iri."

Daga cikin matan Gidan Sori aka ji an ajiye ƙwarya a ƙasa. Balki ta ratso taron a hankali, mutane na buɗa mata hanya, ta tsaya a gaban buhun.

"Malam."

"Balki, wannan ba wurin..."

"Mi ke cikin rumbu?"

Ɗangana ya dubi jandarma kamar yana roƙon su tafi da shi. Ba su motsa ba.

"Harkar mawallafa..."

"Mi ke cikin rumbu, Malam?"

"Iska," in ji shi, a hankali. "Amma an liƙe ta da kyau."

Balki ta karɓi littafin daga hannunsa, ta buɗe inda yatsansa yake, ta ƙirga shafuka iri ɗaya da suka rage, ta mayar masa. "Karanta musu wanga kuma. Saura biyar ba ka karanta ba."

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Waɗanda suka bar wurinsu a layin gaskiya suka tuna sun bar shi, suka dawo wa mawallafi da littattafansa ta sama, wasu da maɗauri suna lilo kamar majajjawa. Gilashi ya tafi. Awakin kasuwa suka shigo tsakani suka rage yawan makaman. Mahmudu, da ya ga ba mugunta a lamarin sai abin da ya fi ta wuyar magani, ya ce ba za a rufe kowa ba. Hukuncin shi ne Ɗangana ya tsaya a rana ya kira sunayen da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya, a mai da kowa layi, ya kuma ba kowa haƙuri da bakinsa. Gogo ta karɓi haƙurin, ta ce amma littafin ba za ta mayar ba, tunda ya taɓa wuyanta ta ji sauƙin tari.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ruwa ya sauka, ruwan kirki, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu ɗaya. Gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Jar dawar taimako ba ta shukuwa a wannan yashi, kowa ya sani. Nomau ne ya ce yana da ragowar iri, ba mai yawa ba, zai ba gidan Ɗangana abin da zai rufe rabin gona, in maigidan ya zo ya yi masa kwana uku yana saran rami.

Haka aka ga marubucin Yadda Ake Cin Galabar Fari a gonar Nomau, kaki a naɗe har gwiwa, yana sara, Balki na biye tana zuba ƙwaya tana rufewa da diddige, Nomau na gefe yana kula da aiki.

"Taki guda rami guda, Mushe. A'a, wanga ya yi zurfi, rijiya kake gina? Layinka ya karkace, ka nufi Maraɗi."

Ɗangana ya tsaya ya dafa ƙugu, yana haki. Ya dubi ramukan da ya sara, ya dubi sama, sai fuskarsa ta fara haske irin wanda Balki ta riga ta sani.

"Kun san wani abu? Wannan duk ilimi ne nake tarawa. Littafi na biyu zai fi na farko. Tun yanzu na ga babi goma sha biyu."

Balki ba ta ɗago ba. Ta jefa ƙwaya a rami, ta take.

"Rubuta, Malam, ba wanda ya hana ka. In ka gama ka aika wa mutanen Yamai, su yanke abin da za su yanke, su yi shekara goma in sun so. Su dai da takardarsu suke bugawa. Sara, ana jiranka."